Birkin faifai na keken hawa dutse: na waya ko na mai, wanne ya dace da titin Legas?

Tunda aka hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da cikin Island a watan Yunin 2022, sannan aka zo aka cire tallafin mai a 2023, keke ya dawo da darajarsa a Legas ba kaɗan ba. Yaranmu da yawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun koma kai saƙo da keke, wasu kuma motsa jiki ne kawai suke fita Asabar da Lahadi da sassafe kafin danfo su cika hanya, kuma yawanci in ka duba keken tokumbo ne mai kaurin taya irin na hawa dutse, don shi ne yake iya jure ramukan garin nan. Toh amma tokumbo ba ya zuwa da lafiyayyen birki sai ka yi sa'a. Ko dai liba, wato hannun birkin da ake matsawa, tana taɓa kan keke kafin ya kama, ko yana ihu kamar ana yanka shi, ko na baya ya mutu gaba ɗaya mai shago ya ce maka ai ɗan gyara ne kawai. Daga nan sai tambaya ta taso, wane birki zan saka?

Ni dai ra'ayina zan faɗa tun yanzu. A garin nan ba ƙarfin birki ne abin dubawa na farko ba, abin dubawa shi ne wa zai gyara maka shi ranar da ya lalace, kuma a ina zaka samu takalminsa, wato ɗan abin da ke matse faifan ƙarfen da ke tsakiyar taya, in ya cinye. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen da zaka yi minti goma kana gangarowa hannunka a kan birki, gangarenmu bai wuce na gada irin ta Pen Cinema ko Ojuelegba ba. Abin da yake cin birki a nan ruwan sama ne, da yashi, da baƙin mai a kan kwalta, da gishirin teku ga na wajen Lekki da Ajah, sai kuma direban da zai tsaya maka a gaba babu sigina don ya hango fasinja.

Kafin ka kashe ko kwabo, durƙusa ka duba keken naka ta hagu. In fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da firam ɗin baya ba su da kunnuwan da ake ɗaura kalifa, wato gidan da takalman birki suke ciki, kuma hob, wato cibiyar taya, ba shi da wurin ɗaura faifai, to ka manta da maganar, ka gyara birkin robar da ke kama rim ka ci gaba da harkarka. Akwai wani ƙarfe da ake sayarwa wai a maƙala shi a firam don a saka birkin faifai dole, ban yarda da shi ba ko kaɗan, firam ɗin da ba a ƙera don wannan ba ba a yi masa ƙarfin ɗaukar wannan jan a wurin ba, ga kuɗin sabbin tayoyi, in ka haɗa lissafi gara ka sayar ka cika ka sayi wani keken. In kuma kunnuwan suna nan, iri biyu ne. Akwai Post Mount wanda notinsa biyu suke shiga kai tsaye cikin fok ɗin, tazararsu milimita 74, akwai kuma tsohon yayi IS wanda notin ta gefe suke shiga, tazararsu milimita 51. Kusan duk kalifar da zaka saya sabuwa yau Post Mount ce, don haka mai IS sai ya haɗa da adafta, kuma tsofaffin kekuna da yawa gabansu Post Mount ne bayansu IS. Ka ɗauki hoto a waya ka tafi da shi kasuwa, ya fi dogon bayani.

Toh mu fara da na waya. Shi waya ce irin ta birkin roba take jan wani ɗan hannu a jikin kalifa, hannun ya tura takalmi. A yawancin masu araha takalmi ɗaya ne kawai yake motsi, shi ne yake tura faifan har ya ɗan lanƙwasa ya taɓa ɗaya takalmin da yake tsaye, kaga kenan in tazarar na cikin ta yi yawa birkin ba zai taɓa kamawa da kyau ba ko ka ja waya har ta tsinke. Wannan shi ne abin da masu gyara da yawa na bakin titi ba sa lura da shi, su dai su ƙara jan waya, alhali akwai noti ta ɓangaren sufok, wato wayoyin taya, da ake juyawa da alanki a matso da takalmin ciki kusa da faifai. Kuma yadda takalmi yake cinyewa haka tazarar take ƙaruwa, ba ya gyara kansa, kai ne zaka riƙa bi kana matsowa, lokacin damina kuwa kusan duk sati sai ka taɓa in kullum kana kan hanya.

Babban ciwon na waya a Legas tsatsa ce. Ruwa ya shiga cikin bututun wayar, yashi ya bi shi, iskar teku ta ƙarasa aikin, sai kaji liba ta yi nauyi kuma in ka saki ba ta komawa da sauri, musamman ta baya da take da tsawo. Maganinsa waya wadda ba ta tsatsa da bututu mai kyau wanda ya rufe ta tun daga liba har kalifa, ba mai guntu-guntu ba. Amma fa kar a raina shi, yana da abu ɗaya da na mai ba zai taɓa samu ba: duk inda ya tsinke maka, ko a Ikorodu ne ko a kan hanyar Badagry, duk mai gyaran keke yana da waya a akwatinsa, minti kaɗan ya haɗa maka ka wuce. Sannan ba duka na waya ne ɗaya ba. Avid BB7 tsohon hannu ne, takalmansa biyu kowanne da abin juyawarsa, in aka saita shi daidai yana ƙulle taya tsaf, kuma yana yawan zuwa a kan tokumbo. In ka samu keke da BB7 wallahi kar ka yi saurin cirewa, canza masa waya da takalmi ka gani tukuna. TRP Spyke kuma takalmansa biyu duk suna motsi, don haka ba ya lanƙwasa faifai. Matsalar su biyun in sababbi zaka saya, kuɗinsu yana kaiwa ko ya wuce na ƙaramin birkin mai, to a nan lissafin ya ɓaci.

Akwai kuma na tsakiya, wanda waya ce take zuwa daga liba amma cikin kalifar mai ne. Mutane suna sonsa don ba sai sun canza liba ba, kuma gaskiya ya fi na waya mai araha kamawa. Ni dai bai kwanta min ba, ka ɗauko tsatsar waya ka haɗa da yoyon mai a abu ɗaya, kuma masu arahar in suka fara zubar da mai babu mai buɗewa ya gyara, sai dai a jefar. Wurin da yake da hujja ɗaya ne, zan zo kansa.

Na mai shi ne wanda liba take tura mai ta cikin siririn tiyo zuwa fistan a kalifa, fistan biyu su matse faifai ta ɓangare biyu lokaci guda. Abin da ya sa nake fifita shi ga yawancin mutane ba wai ƙarfi kawai ba, a rufe yake, ruwan kwata ba ya shiga cikin tiyo, babu waya balle tsatsa, kuma yayin da takalmi yake cinyewa fistan da kansu suke matsowa, ba ka taɓa komai. Da yatsa ɗaya ko biyu kake riƙe shi, sauran yatsun suna riƙe da kan keke, wanda duk wanda ya taɓa faɗawa rami a ɓoye cikin ruwa a Oshodi ya san amfanin wannan. Sannan kana iya riƙe shi kaɗan-kaɗan ba tare da taya ta ƙulle ba, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta wannan ya fi ƙarfi muhimmanci. Aibinsa kuma a fili yake, in tiyo ya yanke ko iska ta shiga, liba zata tafi har ƙasa babu komai, kuma malam mai faci na bakin hanya ba shi da abin da zai yi maka. Cire iskar yana buƙatar ɗan mazurari da sirinji da man da ya dace. Ba wani aiki ne mai wahala ba, na kamfanin Shimano ma mutum zai iya koya da kansa a tsakar gida, kuma galibi sau ɗaya a shekara ya isa ko in kaji liba ta yi laushi, amma dole ka san inda zaka kai ko ka mallaki kayan kafin ka saya, ba bayan ya mutu ba.

Maganar mai kuwa a nan ne mutanenmu suke kashe birki mai kyau da hannunsu. Iri biyu ne kuma ba sa haɗuwa. Shimano da Magura da Tektro da TRP man ma'adinai suke amfani da shi, na Shimano jaja-jaja ne. Hope da Hayes da yawancin SRAM na shekarun baya da tsofaffin Avid na mai kuma DOT ne, irin na birkin mota, DOT 4 ko DOT 5.1, duk da SRAM ɗin ma sun fito da masu man ma'adinai kamar DB8 da Maven. Robobin da ke ciki an yi su ne don mai iri ɗaya, in ka zuba man birkin mota a Shimano robobin zasu lalace, in ka zuba man ma'adinai a mai DOT su kumbura, kuma ba a wanke wannan, liba da tiyo da kalifa duk sun tafi. A kan murfin libar ana rubuta irin man, ka karanta da idonka, kar ka bari wani ya ce maka ai mai mai ne. Man inji, man keken ɗinki, man shafawar jarirai, duk na ji ana ba da shawararsu, kar ka saurara. Kuma DOT 5 daban yake da DOT 5.1, shi na silikon ne, ba ya shiga ko ɗaya.

Wanne ya fi a nan? DOT yana da sauƙin samu, ka shiga Ladipo ko kowane shagon kayan mota zaka samu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yana shan ruwa daga iska, ga Legas da laima shekara duk, kuma shan ruwan yana sauko da zafin da yake tafasa: mizanin DOT 4 sabo aƙalla digiri 230 ne, in ya sha ruwa ya koma wajen 155, na 5.1 kuma daga 260 zuwa 180. Kwalbar da ka buɗe bara ka ajiye a kan taga ba ta da amfani bana. Yana kuma cin fenti yana ƙona fata. Man ma'adinai ba ya shan ruwa, kwalba ɗaya zata daɗe maka, in ya zuba a firam gogewa kawai zaka yi, sai dai sai ka neme shi a shagon keke na gaske ko ka yi oda ta intanet. Ni na fi karkata ga na ma'adinai ga wanda zai riƙa yi da kansa, ka sayi ƙaramar kwalba tare da birkin rana ɗaya ka huta.

Bari in ɗan kauce, don wannan ya shafi tsofaffin 'yan okada kai tsaye. A babur libar dama ita ce birkin gaba. A keke kuwa ya danganta da ƙasar da ya fito, na Ingila dama ce gaba kamar babur, na Amurka da yawancin Turai hagu ce gaba. Mutumin da ya yi shekaru a kan Bajaj hannunsa ya riga ya haddace, ranar da yaro ya tsallako titi ba tunani zai yi ba, damƙa kawai zai yi. Don haka ka sa a haɗa maka yadda hannunka ya saba. A na waya musanya wayoyi ne kawai. A na mai, libobin SRAM da yawa ana iya juya su daga hagu zuwa dama, na Shimano kuwa kowacce da ɓangarenta, sai an kwance tiyo an musanya, wani lokacin har a cire iska, don haka in oda kake yi ka duba wane ɓangare ne gaba kafin ka biya.

Maganar fistan biyu ko huɗu a kalifa ba zan ja ta ba. Mai huɗu irin Shimano MT420 ko Deore M6120 ko Magura MT5 ko SRAM Code takalminsa ya fi tsawo, ya fi jure zafi a dogon gangare, an yi shi ne don mai sauko da gudu daga kan dutse. In kana loda keke a mota kana zuwa duwatsun Shere a Jos, ko tsaunukan da ke kewaye da Abuja, ko Idanre a Ondo, ko kai mutum ne mai jiki sosai kana kuma ɗaukar kaya, to mai huɗu a gaba yana da hujja. Amma daga Agege zuwa Ikeja? Kamar ka ɗauko tirela ne don buhun shinkafa ɗaya. Ƙarin kuɗi, ƙarin fistan da zasu maƙale da laka, takalmi mai tsada da wahalar samu.

A cikin masu fistan biyu, wanda nake nuna wa mutane shi ne Shimano MT200, ko Tektro na wannan ajin irin HD-M275. Ba don sun fi kowa ba, MT200 libarsa doguwa ce, ba shi da kaifin kamun manyansa na Shimano irin Deore M6100 balle SLX ko XT, waɗanda libarsu gajera ce ta yatsa ɗaya kuma tana da dabarar Servo Wave mai sa takalmi ya isa faifai da wuri. Dalilin shi ne takalminsa. Siffar B01S, wanda yanzu ake sayarwa da sunan B05S, ita ce ta fi kowacce yawa, Tektro da yawa ma ita suke ci, har wasu na waya, don haka ko shagon da ba shi da komai da wuya ka rasa ta. Deore M6100 siffar G ko J yake ci, masu huɗu na Shimano D ko N, BB7 da tasa daban, Magura da tasa daban, in kana da ɗaya daga cikin waɗannan ka riƙa ajiye takalmi na ko-ta-kwana a gida. In aljihu ya yarda Deore ya fi daɗi a hannu, babu musu, amma daga Deore zuwa XT yawancin abin da kake biya rage nauyi ne da abin saita liba ba tare da alanki ba, ba tsayawa ba.

Yanzu faifai, wanda shi ne hanyar da ta fi araha ta ƙara ƙarfi kuma shi mutane suka fi mantawa. Girman da aka saba milimita 160 da 180 da 203. Lissafin mai sauƙi ne, faifai mai faɗi yana kama taya nesa da tsakiya, daga 160 zuwa 180 ka samu ƙarin kusan kashi 12 cikin 100, zuwa 203 kusan kashi 27, da birkin nan naka ɗaya, kuɗin faifai da adafta kawai. Tunda in ka taka birki nauyi gaba yake tafiya, birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin, don haka 180 a gaba 160 a baya ya ishi kusan kowa a garin nan, har mai kai saƙo da jaka a baya. Kar ka yi zalamar 203 haka kawai. Kowane fok yana da iyakar girman da aka yarda a saka masa, ƙananan fok masu araha da yawa ba su kai nan ba, kuma in tayarka irin mai ɗan hannun buɗewa ce ba mai kaurin sanda da ake ɗaurewa ba, birkin faifai yana ƙoƙarin fizge tayar gaba ƙasa daga mazauninta, sai ka tabbata a ɗaure take tamau kullum. Ga shi babban faifai ya fi saurin lanƙwasa, wanda duk mai ajiye keke a lungun gidan haya tsakanin janareta da bokitai zai gane abin da nake nufi.

Ɗaurin faifan ma iri biyu ne, mai noti shida da ake ɗaurewa da makulli mai bakin tauraro na T25, da Centerlock na Shimano mai haƙora da zobe ɗaya. Hob ɗinka ne zai faɗa maka wanne, ana samun adaftar da ke ɗora mai noti shida a kan hob ɗin Centerlock, akasin haka kuwa kar ka sa rai. Kaurin faifan Shimano sabo milimita 1.8 ne kuma ana canza shi in ya kai 1.5, na Magura 2.0 ne ana canzawa a 1.8, yawanci a rubuce yake a jikinsa. Tokumbo da yawa faifansu ya riga ya wuce wannan, in ka shafa da farce kaji tudu a inda takalmi ba ya taɓawa to ya ci.

Takalmi kuma resin ne, wato mai ɗan laushi, ko na ƙarfe. Resin shiru ne, yana kamawa tun daga jan farko, ba ya cin faifai sosai, amma yashi da ruwa suna cinye shi da sauri, daga Afrilu zuwa Yuli in kana bin hanyoyin Ajah da Ibeju masu rairayi zaka sha mamakin yadda yake ƙarewa. Na ƙarfe yana daɗewa a laka kuma yana jure zafi, sai dai ƙara in ya jiƙe, ga cin faifai. A takarda na ƙarfe ne ya dace da daminar Legas, amma akwai tarko, faifan Shimano masu araha an rubuta musu Resin Pad Only a jiki, ƙarfensu bai da taurin jure takalmin ƙarfe, shi kansa MT200 da resin aka tsara shi. Kenan in na ƙarfe kake so sai ka fara tun daga faifan Shimano irin RT66 ko RT64 da kalifa ajin Deore. Ga mai MT200 shawarar ita ce ka zauna a resin ka riƙa leƙawa, in naman takalmin ya kusa rabin milimita ka canza, kar ka jira sai kaji ƙarfe na cin ƙarfe don a lokacin faifan ma ya tafi.

Ihun birki kuwa sau da yawa ba lalacewa ba ce, mai ne ya taɓa shi. Wurin wankin mota a fesa masa abin sa taya ƙyalli, ko a fesa wa sarƙa mai ya fantsama, ko ka bi ta ruwan gaban garejin makanikai. Takalmi yana tsotse mai, in ya sha sosai babu abin da zai dawo da shi sai sabo. Faifai kuma a goge shi da sifirit irin na kemis da tsumma mai tsabta, ba kananzir ba, ba dizal ba. Abu biyu kuma ga mai na mai: in ka cire taya don saka keke a but ɗin mota, kar kowa ya ja liba, fistan zasu fito takalma su manne, ka cusa ɗan kwali a tsakani. In mai faci ya kifa keken a kan sirdi, kafin ka hau ka ja libobin sau da yawa ka tabbata sun yi tauri, don iskar da ke cikin ma'ajiyar mai tana iya gangarawa cikin tiyo.

Wajen saye, araha ba ta ado. Jabu ya yi yawa, musamman takalmi da faifai masu ɗauke da babban suna a leda, in farashin ya yi ƙasa da hankali ka san da magana. Farashi ba zan faɗa ba don da dala yake tafiya. Ka auna tsawon tiyon baya da igiya kafin oda, wanda ya yi tsawo ana yankewa a saka sabon ɗan zobe da ƙusar bakin tiyo, wanda ya gaza kuwa sai sabon tiyo, kuma tiyon Shimano iri biyu ne, BH59 na su MT200 da BH90 na manya, ƙusar bakinsu ba ɗaya ba ce. Sai abin da na ce zan dawo kansa: kekuna masu araha da yawa libar birki da abin canza giya a haɗe suke abu ɗaya. In naka haka yake, komawa na mai yana nufin sayen sabon abin canza giya daban mai daidai da adadin giyarka, ka saka wannan a lissafi. A nan ne kawai nake ganin na tsakiyar nan ko gyara na wayar da kyau zai iya fi maka.

Toh in an tattara, mai kai saƙo da kekensa ne abincinsa, kuma ba ya iya rasa yini guda yana neman mai cire iska, ko dai na waya mai kyau da sabon bututu ko MT200 tare da mazurari da kwalbar mai a gida, ya danganta da ko yana son taɓa abu da hannunsa. Mai fita motsa jiki a Ikoyi ko Lekki, na mai mai fistan biyu, 180 da 160, Deore in da hali. Mai tafiya Jos da Abuja don dutse na gaske, huɗu a gaba, takalmin ƙarfe, faifan da ya yarda da shi.

In kuma birkin tokumbo ne aka ciro daga wani keken ake sayar maka, ka ja liba ka riƙe da ƙarfi na ɗan lokaci, in tana nutsewa a hankali akwai yoyo a ciki. Ka leƙa bayan takalma ko akwai danshin mai a gefen fistan. Ka bar shi a rana ya yi zafi sannan ka ja ka saki, wasu tsofaffin libobi fistan ɗin cikinsu na roba ne yana kumbura da zafi sai liba ta ƙi dawowa, a inuwar shago ba zaka gane ba. Bayan an ɗaura, a sassauta notin kalifa biyu, a matse liba, a ɗaure su a haka don ta zauna a tsakiya. Sabon takalmi da sabon faifai kuma ba sa kamawa ranar farko, ka nemi layin da babu motoci ka yi gudu matsakaici ka rage da ƙarfi har kusan tsayawa ba tare da ka ƙulle taya ba, kamar sau ashirin kowane birki, gaba daban baya daban, sannan ka shiga babban titi.